Ranar Da Tsokokina Suka Rama

Na shafe shekara 12 ina aikin zama, daga kujerar ofis zuwa ta mota, ban taɓa tunanin cewa a jikina akwai tsoka sama da 600 da ke jiran ranar da za su rama wulaƙancin da nake yi musu ba. Ranar ta zo ne lokacin da na tarar da ɗana yana motsa jiki, na ce zan taya shi, sai ya ce da ni cikin ladabi mai ciwo, "Baba, ka bari kawai, wannan ba na manya ba ne." Nan take na tuɓe riga, na durƙusa na miƙe sau 60 a gabansa, na ƙara da kwanciya rigingine ina ɗago ƙirji sau 30, sannan na wuce ɗaki ina taku ɗai-ɗai.

Washegari tsami kaɗan na ji, har na bi shi da gori. Ashe irin wannan ciwo ba ya gaggawa, yakan kai ƙololuwarsa ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aikin, lokacin da jiki ke gyaran 'yan ƙananan yagewar da zaruruwan tsoka suka yi. Masu cewa sinadarin laktik, wanda tsoka ke samarwa yayin aiki mai ƙarfi, ne ya taru sun ɗora wa marar laifi, domin shi cikin awa guda ko makamancin haka yake washewa. Ni nawa sammacin a safiyar rana ta biyu ya iso, a saman matakalar benenmu.

Tsoka ba ta iya turawa, ja kawai ta sani, shi ya sa suke aiki bibbiyu, wannan ta lanƙwasa gaɓa, abokiyarta ta miƙar da ita. Ta gaban cinya, mai kai huɗu, wadda jijiyarta ta bi ta ƙoƙon gwiwa ta kama ƙashin ƙwauri, ita ce ke miƙe ƙafa idan ana hawa. A wajen sauka kuwa aikin birki take yi, tana riƙe da nauyin mutum alhali tana ƙara tsawo, kuma a nan ne tsamin ya fi cizo. Ina sauke ƙafar dama a mataki na farko sai cinyata ta yi rawa, gwiwa ta ce ba da ita ba, na rungume ƙarfen matakala kamar wanda ya ga ɗan'uwansa bayan doguwar rabuwa. Da na ga ba sarki sai Allah, na juya na dinga sauka da baya, hannu biyu a kan ƙarfe. A tsakiyar hanya maƙwabcina ya ɗago kai ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Na ce masa ƙarfen nake dubawa, ko ya fara girgiɗi. Ya tsaya ya taya ni dubawa har ƙasa.

Zama ma ya zama shari'a, domin tsokar da ta fi kowace girma a jikin ɗan'adam tana mazaunai ne, kuma ba ta yafe mini ba. Da atishawa ta zo, tsokokin cikina suka murɗe, na rasa wanda zan dafe tsakanin ciki da cinya. A nan na gode wa Allah da tsokar zuciya da ta hanji ba sa karɓar umarni daga gare ni, da su ma na saka su a gasar.

Wadda ta tsira ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ke can cikin kunne, tsawonta bai kai santimita 1 ba, aikinta kuwa rage ƙarfin ƙara mai tsanani. Ita ma a ranar yajin aiki ta shiga, domin dariyar da ɗana da mahaifiyarsa suke ƙyaƙyatawa a bayan ƙofa ta shigo mini tar, har da inda yake kwaikwayon amsar da na ba maƙwabci.