An Cire Wa Banɗaki Haraji, Amma Tsugune Ba Ta Ƙare Ba

Har yanzu akwai masu yaba wa gwamnatin Birtaniya kan dokar 2021 da ta yafe wa banɗakunan jama'a harajin gine-ginen kasuwanci a Ingila da Wales, sai ka ce wani abin a zo a gani aka yi. Da can wane mai hankali ne ya jera ɗakin fitsari a layi ɗaya da kanti da otal? Ƙaramar hukuma ta gina makewayi, ta ɗauki mai wanke shi, ta biya kuɗin ruwa da wuta, sannan a miƙo mata takardar haraji kamar gwal take sayarwa a ciki. Ministan kuɗi na lokacin, Philip Hammond, ya yi alƙawarin cire harajin a kasafin 2018, amma sai a Afrilun 2021 abin ya zama doka.

Kafin nan an riga an yi ɓarna. Wani bincike na BBC a 2018 ya gano cewa hukumomi sun daina kula da banɗakuna sama da 600 tun daga 2010. Banɗakin da aka garƙame aka sayar da ginin, rangwamen haraji ba zai buɗe shi ba.

Dokar ma gurguwa ce. Banɗakin da ke tsaye shi kaɗai ta shafa. Wanda ke cikin ɗakin karatu ko zauren taron unguwa, ko oho.

Babban gyambon kuwa ba a taɓa shi ba: a Ingila dokar lafiyar jama'a ta 1936 dama kawai ta ba ƙananan hukumomi su samar da banɗaki, ba ta tilasta musu ba. Duk ran da aljihu ya yi zafi, shi ake fara rufewa. Masu cewa ai shagunan shayi da gidajen abinci za su cike gurbin, su je su faɗa wa dattijo mai ciwon suga da ke ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama shi a hanya, ko direban tasi da ke ajiye gora a ƙarƙashin kujera. Ƙarfe biyu na dare wane shago ne a buɗe?

A mayar da samar da banɗaki wajibi a kan kowace ƙaramar hukuma, gwamnatin tsakiya kuma ta haɗa musu da kuɗin gudanarwa.