Kwana biyu a Jos, daga ni sai maigidana

Tun da na ɗora hoton tafkin Rayfield na Jos, inda muka je ni da maigidana, a shafina ranar Lahadi, tambaya ɗaya nake ta amsawa: "Ina yaran?" Yaran suna gidan Hajiya, kakarsu, lafiya lau. Wata 'yar uwa har ta biyo ni ta bayan fage tana cewa ita kam ba za ta iya runtsawa ba idan ta bar 'ya'yanta ta tafi yawo. Ban ji haushinta ba, don shekara biyu da suka wuce ni ma abin da zan faɗa ke nan. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai.

Shekararmu 13 da aure, yara huɗu. Na zauna na ƙirga tafiye-tafiyen da muka yi tare: biki, suna, gaisuwar mutuwa, asibiti. A cikinsu ma shi yana waje tare da maza, ni ina cikin gida wajen tukwane. A mota kuwa wannan na kuka, wancan na neman ruwa. Hirarmu ta koma lissafi: kuɗin makaranta, gas ya ƙare, wane ya kwana da zazzaɓi. Ba faɗa muke ba, wallahi. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don mai faɗa ya san akwai abin gyara, mu kuwa muna zaune lafiya muna nisa da juna ba mu sani ba.

Bayan an sauko daga Juma'a muka bar Bauchi. Tafiyar ba ta fi ta awa biyu ba, ta Nabordo da Magama. Daga Tilden Fulani hanya ta fara hawa, iska ta sauya, na jawo mayafi na ƙara rufa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da ita sun haura 1,800, shi ya sa sanyinta daban ne. Ba mu tafi da ka ba. Garin yana da tabon rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, don haka sai da maigidana ya tambayi abokansa mazauna can inda ya dace mu sauka, kuma magariba ba ta taɓa yi mana a waje ba.

A minti talatin na farko a motar, ba wanda ya ce uffan. Mun rasa abin faɗa. A lokacin ne na gane mun makara da wannan tafiya.

Da safiyar Asabar muka je tafkin Rayfield. Ruwa ne kwance shiru tsakanin tuddai, mutum zai rantse haka Allah ya halicce shi. Ashe ramin kuza ne. Kamfanonin Turawa ne suka haƙe ƙasar tun zamanin mulkin mallaka, da suka tafi ruwa ya cike ramukan, kuma irinsu na nan birjik har Bukuru da Barikin Ladi. Muna zaune a bakin ruwan sai ya ce mini kakansa ya yi aikin kuza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗebo su daga ƙauye aikin tilas, suka zo da rigar da ke jikinsu kawai, sanyi ya kashe wasu daga cikin abokan tafiyarsa. Ya ce har tsohon ya rasu ba ya son jin sunan Jos. Yana ba ni labarin muryarsa na rawa, ni kuma ina kallonsa ina tambayar kaina: shekara 13 ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, yaya aka yi ban taɓa jin wannan ba? Ba ɓoye mini ya yi ba. Babu dai ranar da muka samu awa guda cur ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A wurin ne kuma ya kira ni da sunana na yanka. Rabon da in ji shi a bakinsa tun kafin in haifi ta biyu. Kullum "Maman yara". Ina son sunan, ina alfahari da shi, amma kafin in zama uwar kowa ai matar wani ce ni.

Masu cewa tafiyar miji da mata su kaɗai kwaikwayon Turawa ne, ina roƙonku ku koma ga sira. Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. A wata tafiya ya ce sahabbai su yi gaba, ya tsaya ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa. Bayan wani lokaci, da ta yi jiki, suka sake, ya tsere mata, ya ce wannan a madadin waccan. Wanda wahayi ke sauka gare shi ya samu sukunin wasa da iyalinsa a hanya. Mu wane aiki ne ya sha mana kai?

Barin yara wajen kaka ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ina ake kai yaro yaye? Wa bai yi hutun makaranta a gidan gwaggo ko kawu ba? Mace za ta bar yara kwana uku ta tafi bikin ƙawarta a Kano, ba mai cewa komai. Ranar da ta ce da mijinta za ta tafi, ba biki ba mutuwa, sai a hau kallonta. Mun mayar da masauki kamar wurin masu ashsha, har ni kaina sai da na ji nauyi lokacin da muke karɓar makulli, alhali da mijina na sunna nake tsaye. Wannan kunyar ba ta addini ba ce, kuma tana cutar da gidaje.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Mu wata biyar muna tarawa, na kuma haƙura da anko biyu. Wanda bai da halin Jos, ga dam ɗin Gubi nan kusa da mu, mutanen Kano ga Tiga, ko yini ɗaya ne. Mai shayarwa ta tafi da jaririnta. Mai mace fiye da ɗaya ya ji tsoron Allah ya yi adalci, kada ya ɗauki amarya ya bar uwargida da rainon 'ya'yan kowa. Yara kuma a hannun wanda aka yarda da amanarsa za a bar su, ba 'yar aikin da ta zo watan jiya ba.

Na yi kewarsu, ba zan ɓoye ba. Daren farko sau uku na kira Hajiya, a na ukun ta ce, "Ke 'yar nan, ni na raini ubansu, ki kashe wayar nan ki kwanta."

Ranar Lahadi muka biya kasuwar Farin Gada muka cika bayan mota da dankalin Turawa da kabeji da karas. Da muka isa gida auta ce ta fara ganinmu, ta sheƙo da gudu ta maƙale a ƙafata, hannunta duk man ja. Hajiya ta kalle ni, ta kalli ɗanta, ta ce idan an yi hutun ƙarshen zango mu sake kawo mata su.