Gorki bai yi laifi ba da ya tona asirin gidan kakansa

Littafin da Gorki ya rubuta kan kuruciyarsa ya buɗe ne da gawa. Wani mutum na kwance a ƙasa cikin fararen tufafi, an ɗora masa kwabbai a kan idanu, matarsa na durƙushe tana taje masa gashi tana kuka. Ɗansu mai shekara 3 na tsaye yana kallo, bai san abin da ake ciki ba. Da aka je maƙabarta ana tsuga ruwan sama, abin da ya tsaya masa a rai shi ne wasu kwaɗi da suka hau kan akwatin gawar, aka zuba ƙasa aka rufe da su. Ya tambayi kakarsa ko za su iya fitowa, ta ce masa a'a.

Yaron shi ne Aleksei Peshkov, wanda aka haifa a Nizhni Novgorod ta ƙasar Rasha a 1868, duniya kuma ta san shi da Maksim Gorki. Kalmar "gorki" a Rashanci na nufin mai ɗaci, kuma shi ya zaɓa wa kansa ita. Littafin shi ne Detstvo, wato Kuruciya, wanda ya rubuta yana zaune a tsibirin Kapri na Italiya, aka fara buga shi a 1913. Shi ne na farko cikin littattafai uku da ya yi kan rayuwarsa; sauran biyun sun fito a 1916 da 1923.

Na san abin da mutum mai tarbiyya zai fara ji idan ya karanta shi, domin ni ma na ji. Mu da muka taso ana gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yaya za mu yi da marubucin da ya ɗauki kakansa da kawunansa ya shanya su a bainar jama'a? Rufin asiri abu ne mai daraja, ban raina shi ba. Amma ina ganin Gorki ya yi daidai, kuma dalilina yana cikin gidan da ya kwatanta.

Bayan kwalara ta kashe mahaifinsa a Astrakhan a 1871, aka bi da shi ta Kogin Volga a jirgin ruwa zuwa gidan kakansa na wajen uwa, Vasili Kashirin. A nan ne mai karatu zai lura da abin da masu taƙaita littafin kan tsallake: gidan ba na matalauta ba ne a lokacin. Kashirin na da marina, yana da ma'aikata da doki, ana jin maganarsa cikin marinan garin. Amma zaman gidan zaman doya da manja ne. 'Ya'yansa maza biyu, Mikhail da Yakov, kullum suna cikin rigimar a raba musu dukiya tun uban na raye, har su kaure da dambe a wurin cin abinci. Ranar Asabar kuwa ranar tsumagiya ce, ana tara laifuffukan yara na mako a biya su gaba ɗaya.

Aleksei ya ga yadda ake tsoma yadi a ruwan rini ya fito shuɗi, abin ya burge shi. Wani ɗan kawunsa ya zuga shi ya ɗauko farin zanen shimfiɗar teburi na ranar biki ya tsoma gefensa. Kakan ya zane shi har ya suma, ya yi kwanaki yana jinya. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake cewa littafin ya wuce ƙorafi. Tsohon nan ya shigo ɗakin da 'yar tsaraba, ya zauna a bakin gado, ya shiga ba jikansa labarin samartakarsa, lokacin da yake cikin masu jan jirgin ruwa da igiya a gaɓar Volga, suna tafiya a ƙasa cikin zafin rana, igiya na cin ƙirjinsu. Ya ce shi ma an dake shi dukan da yaron bai taɓa mafarkin irinsa ba, ga shi kuma ya zama mutum. Gorki bai wanke kakansa da wannan ba. Ya dai nuna mana inda tsumagiyar ta fito. Mutum ne da ya tsere wa talauci da ƙyar, ya ƙare rayuwarsa yana jin takun talaucin a bayansa, tsoron nan kuma ya mai da shi azzalumi tun kafin aljihunsa ya bushe.

Waɗanda suka fi shan wahalar tsoron nan su ne marasa gata a gidan. Akwai Tsiganok, tsintaccen yaro da aka yar a ƙofar gidan yana jariri, kakar ta raine shi ya zama gwanin rini. Shi ne ya riƙa tara hannunsa a ƙarƙashin tsumagiya don ya rage wa Aleksei zafin duka, daga baya ya zo ya nuna masa hannun duk ya kumbura. Yakov, wanda dukansa ne ya yi ajalin matarsa, ya yi alkawarin kai wani ƙaton gicciyen katako kabarinta. Ranar ɗauka aka ɗora wa Tsiganok ɓangare mai nauyin, ya yi tuntuɓe, kawunan suka saki suka yi tsalle gefe, gicciyen ya danne shi. Ya cika a ƙasan madafa, jini na zuba daga bakinsa. Aka binne shi ba hayaniya, ba wanda ya amsa tambaya.

Akwai kuma Grigori, babban ma'aikacin marinar, wanda ya ba gidan ƙarfinsa na shekaru masu yawa har idonsa ya mutu. Da ya makance aka sallame shi, ya koma bara a titi. Gorki ya faɗi gaskiya a kan kansa a nan: idan ya hango makahon sai ya ɓuya, kunya ba ta barinsa ya je ya gaishe shi. Kakar ta ce Allah ba zai bar su ba a kan mutumin nan. Shekaru bayan haka kakan da kansa ya bi titunan garin yana bara, hankalinsa ya gushe.

To, a gaya mini, asirin wa ake rufawa idan aka yi shiru a kan Tsiganok da Grigori? Shirun Yakov yake amfana. Rufin asirin da ya cancanci sunansa shi ne wanda ke suturta mai rauni, shi kuwa wannan mai ƙarfi yake lulluɓewa. Gorki ya tsaya kusa da ƙarshen littafin ya tambayi kansa ko ya dace a tuna waɗannan munanan abubuwa na rayuwar Rasha, ya kuma amsa da cewa ya dace, domin ba su mutu ba, kuma ba a tumɓuke abu sai an san saiwarsa. Rashar da ya taso a cikinta ta 'yanta manoma daga bauta ne a 1861, shekara 7 kacal kafin a haife shi. Duka ya zama harshen da kowa ya iya.

Da littafin duhu ne zalla da ba a ci gaba da karanta shi ba. Kakar, Akulina Ivanovna, ita ce fitilarsa. Mace ce mai jiki, mai dogon gashi, mai shaƙar taba, kanta cike da tatsuniyoyi da waƙoƙi. Daren da gobara ta tashi a marina, ita ce ta lulluɓa da bargo ta kutsa cikin wuta ta fito da kwalbar sinadarin da zai iya fashewa, ita ce kuma ta tare dokin da ya firgita ta lallashe shi. Aleksei ya lura cewa kamar Ubangiji biyu ake bauta wa a gidan: na kakarsa mai rahama ne, tana kai masa kuka kamar na kusa, na kakansa kuwa mai ƙididdigar laifi ne da azaba. Duk da haka ban yarda da masu mai da ita waliyiya su tsaya nan ba. Ranar da mijinta ya dake ta har ƙarafunan ɗaurin gashi suka nutse a fatar kanta, jikanta ne ya ciro mata su, ita kuwa roƙonsa take kada ya gaya wa uwarsa. Haƙurinta ya rayar da yaron, haƙurin nan kuma ya ba tsohon damar ci gaba. Littafin ya bar mu da duka biyun.

Sai karayar arziki ta zo. Aka raba dukiya, aka yi ta ƙaura daga gida zuwa wanda bai kai shi ba. Kakan ya raba tukunya da matar da suka yi kusan shekara 50 tare, har yakan zuba ganyen shayi a tafin hannu ya ƙirga kada nasa ya fi nata yawa a buta. Aleksei ya shiga jari-bola, yana tsintar tsummokara da ƙasusuwa da ƙusoshi yana sayarwa. 'Yan ajinsu suka riƙa cewa yana warin juji. Da makaranta ta ba shi kyautar littattafai don ƙwazo, ya sayar da su ya kai wa kakarsa kuɗin, tana kwance ba lafiya. Wata rana ya leƙo ya gan ta riƙe da 'yan kwabbansa a tafin hannu, tana kallonsu tana hawaye ba sauti.

Akwai zargi mai nauyi da ba zan kauce masa ba. Mutumin da ya ga tsumagiyar kakansa sarai, ya je sansanin fursunonin gwamnatin Soviet na Solovki a 1929 ya dawo ya rubuta yabo. A 1934 yana cikin editocin littafin da ya kambama magudanar ruwan da aka haƙa da ƙarfin fursunoni zuwa Farin Teku. An sa wa garinsu sunansa a 1932, bai koma sunansa na asali ba sai 1990. Wannan tabo ne, kuma yana ba ni takaici. Amma ma'aunin da muke kama shi da shi, shi ya miƙa mana a 1913. A Solovki ya yi irin shirun da aka yi wa Tsiganok, kuma littafin Kuruciya ne ya koya wa masu karatunsa ganin munin wannan shirun.

Mahaifiyarsa Varvara ta rasu da tarin fuka a 1879, bayan aure na biyu da ta sha duka a cikinsa. Aleksei na da shekara 11. 'Yan kwanaki bayan jana'iza kakan ya kira shi ya ce masa shi ba lambar yabo ba ce da zai rataya a wuya, ya fita ya shiga duniya ya nemi na kansa. Yaron ya fita. A nan littafin ya tsaya.