Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas

Tun da matsalar tsaro ta sa gidaje da yawa suka koma ajiye kare don gadi, kasuwar 'yan kwikwiyo ta buɗe a biranenmu. Za ka ga an jera su cikin kwali a bakin titi, sun cure wuri guda suna kyarma, ciki ya kumbura, ƙafafu ba su yi ƙwari ba, mai saye kuwa yana zaɓar wanda ya fi ƙanƙanta domin an gaya masa cewa idan ya ɗauke shi tun bai san uwarsa ba zai fi shaƙuwa da shi. A ganina wannan magana ba ta da tushe, kuma ita ce asalin yawancin karnukan da ke mutuwa kafin su yi wata uku, da waɗanda suke rayuwa su zama masu cizon yaran gida.

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, kuma ɗan da take haifa ba ya gani, ba ya ji. Idanunsa sukan buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunnuwa su biyo baya. A makonnin farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi, shi ya sa suke hawa kan juna, kuma ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashi cikinsa da gindinsa. Dakashin da ya sha a ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka har zuwa lokacin da za a fara yi masa allura. Wajen mako na uku haƙora suke fara tsirowa, ya fara tafiya yana tangaɗi, daga nan uwar da kanta take soma yaye shi a hankali, tana tashi ta bar su idan sun dame ta da cizo.

Masu gaggawa suna ganin da zarar kwikwiyo ya fara lasar abinci a kwano, aikin uwa ya ƙare. Alhali daga mako na uku zuwa na takwas ne yake koyon abin da babu ɗan adam da zai koya masa da kyau. Duk wanda ya zauna ya kalli 'yan kwikwiyo suna kokawa zai lura cewa idan ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wanda aka ciza yakan yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya cak, sai bayan ɗan lokaci su koma. Ana maimaita haka kullum har mai cizon ya gane iyakar ƙarfin da zai sa a bakinsa. Uwar ma tana gurnani ta danne wanda ya wuce gona da iri ba tare da ta ji masa ciwo ba. Wanda aka ɗauke yana ɗan mako huɗu ko biyar bai sami wannan tarbiyya ba, don haka ranar da yaro ya ja wutsiyarsa ba zai san bambancin gargaɗi da cizo na gaske ba. Wannan ne ya sa a Ingila doka ta hana masu wannan sana'a sayar da kwikwiyon da bai kai mako takwas ba. Wanda zai saya ya nemi a nuna masa uwar, ya kuma ɗaga leɓen kwikwiyon ya duba, domin a mako na takwas haƙoran nono 28 sun gama fitowa.

Shaƙuwar da ake nema kuwa ba ta kuɓuce wa kowa ba. Binciken da aka shafe shekaru ana yi a jihar Maine ta Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1965, ya nuna cewa ƙofar sabo a buɗe take har wajen mako 12, sannan ta fara rufewa, kuma kwikwiyon da ya kai mako 14 bai yi hulɗa da mutane ba yakan ci gaba da tsoronsu. Ke nan wanda ya karɓi kwikwiyo a mako na takwas yana da kusan wata guda mai daraja a hannunsa, wanda ya kamata ya yi amfani da shi wajen nuna masa yara da tsofaffi, awaki da kaji, ƙarar babur da ta janareta, duk cikin natsuwa.

Abin takaici, akasin haka ake yi. Ana ɗaure shi da sarƙa a bayan gida, a hana kowa zuwa kusa da shi, wani lokaci har a riƙa dukansa, wai don ya yi zafi. Abin da ake samu a ƙarshe kare ne matsoraci, kuma matsoracin kare shi ne ya fi saurin kai cizo, domin ba ya rarrabe ɓarawo da almajirin da ya leƙo neman abinci. Makiyaya sun fi mu fahimtar wannan, tunda karensu cikin garke da yara yake tashi, ya san na gida sarai, shi ya sa haushinsa yake da ma'ana idan baƙo ya tunkaro. Addini ya yi rangwame a ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, amma bai halatta wa kowa azabtar da dabbar da ke ƙarƙashin kulawarsa ba.

Batun abinci gajere ne. Madarar shanu takan sa shi zawo, koko da tuwo zalla ba sa gina jikin da ke girma, ragowar miya mai yawan albasa tana lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana iya tsagewa ya soke shi a ciki. Kumburin cikin nan da wasu suke ɗauka ƙoshi ne, galibi tsutsa ce da ya samo tun yana cikin uwarsa, don haka likitocin dabbobi suke fara ba da maganinta tun yana mako biyu, a maimaita bayan kowane mako biyu. Alluran rigakafi suna farawa daga mako shida zuwa takwas, a ci gaba har wajen mako 16, kuma su ne ke kare shi daga cutar nan mai amai da zawon jini da ke kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.

Allurar da ba ni da sassauci a kanta ita ce ta haukan kare, wadda ake yi idan ya cika wata uku, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana cikin masu sarrafa ta a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita. Idan wanda ba a san tarihinsa ba ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana ba a cika tsira ba.