Jari ba ya zama a gidan da ba a ɗora tukunya ba

A Jos, da azumi ya gabato ko Kirsimeti ta kawo jiki, sai rabon abinci ya kankama a masallatai da majami'u da ƙofar gidajen masu hali. Allah ya saka wa masu yi da alheri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, akwai gidaje a Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da ɗan wannan ƙunshin ne ke raba su da kwana da yunwa. Mai cewa a daina rabon abinci bai leƙa cikin unguwa ba.

Ƙungiyoyi da dama sun lura cewa shinkafar ba ta kai wata, sai suka koma ba da jari. A nan nake da magana.

Ɗauki matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. An kira ta taro, an miƙa mata keken ɗinki, an ɗauki hoto. Ta dawo gida babu zare, babu yadi, ga teloli uku a layinsu. Ana haka ƙaramin ya kwanta da zazzaɓi, mai gida kuma ya aiko a kan kuɗin haya. Kafin wata biyu keken ya koma kasuwa, sai ka ji ana cewa talaka ba ya son ci gaba. Wace uwa ce za ta zuba wa keke ido alhali ɗanta na rawar ɗari? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta fahimci haka tun 2002. Takan ba gida abin sana'a, ta haɗa da tallafin ci na wasu watanni don kada a cinye jarin, ta koyar da sana'ar, ta sa a riƙa ajiya, sannan ma'aikaci ya riƙa leƙo gidan a kai a kai. An gwada tsarin a ƙasashe shida, ciki har da Ghana da Habasha, a kan gidaje sama da 10,000. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna cewa shekara guda bayan an janye hannu, cinsu da dukiyarsu sun fi na waɗanda ba a sa a shirin ba. A Honduras ne abin bai yi armashi ba, don yawancin kajin da aka raba cuta ta kashe su. Ke nan abin da za a bayar ma sai an zaɓa da lura.

Mu a Jos zaɓin bai kamata ya yi wuya ba. Ga Farin Gada cike da tumatur da kabeji da karas, ga dankalin Turawa na sauka daga Bokkos da Mangu. Ga kuma mutanen da gobarar kasuwar Taminus ta 2002 da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka karya wa jari. Su ba koyarwa suke nema ba, sun san saye da sayarwa. A tambayi mutum abin da ya iya kafin a saya masa komai. Malaman mazhabar Shafi'i tun da daɗewa suka ce a ba mai sana'a zakkar da za ta isa ya sayi kayan aikinsa.

Za a ce wannan hanya na da tsada, kuma gidaje kaɗan za ta kai wa. Haka ne, kuma akwai zafi a zaɓi gida ashirin alhali ɗari biyu na jira. Amma tara jama'a a fili ɗaya ma na da tasa tsadar: mutum goma suka rasu a turmutsutsun rabon abinci a Maitama da ke Abuja a watan Disambar 2024.

Shawarata ga kwamitocin zakka da na majami'u ita ce su bar wani kaso don ciyarwar gaggawa, a kai wa mutane har gida. Sauran a riƙe gidaje kaɗan da shi na tsawon shekara, da abincinsu da adashinsu da mai duba su. Idan shekara ta zagayo, kwamiti ya tashi gaban waɗanda suka ba da dukiyarsu ya faɗi gida nawa ne har yanzu ke kan sana'ar.