"Make up" ba kwalliya kaɗai ba ne

Da yawanmu da mun ji "make up" sai hankali ya tafi kan hoda da jambaki da gazal. Ba laifi, wannan ma'ana ce, amma ita suna ce, kuma galibi a haɗe ake rubuta ta: makeup. Idan kalmomin biyu suka zo a matsayin aikatau, zancen ya sauya.

Wanda aka ce masa "you made it up", ana nufin shi ya ƙaga maganar, wato ƙarya ya shirga. Mata da miji kuwa da suka yi saɓani, in aka ce "they made up", sun shirya ke nan, babu wanda ya shafa komai a fuska. Na taɓa jin ɗalibi ya fassara wannan da "sun yi kwalliya", aji ya kwashe da dariya.

"Make up your mind" shi ne ka tsai da shawara. In aka ƙara "for" a gaba, ana maganar cike gurbin abin da aka rasa ne, kamar mai rama azumi. Akwai ma ta lissafi: jihohi 36 da Abuja su suka haɗu suka "make up" Nijeriya.