Nasiha ga Magoya Bayan Barcelona kan Jinkirin Aikin Camp Nou

'Yan'uwana matasa, musamman ku magoya bayan Barcelona da ke cika gidajen kallo duk daren da ƙungiyar take da wasa, ina so mu yi magana kan fushin da jinkirin aikin sabunta filin ƙungiyar, wato Camp Nou, ya jefa da yawanku a ciki, da kuma irin kalaman da fushin ya riƙa fitarwa daga bakunanku. Ban zo in ce ba ku da hujja ba. Ƙungiyar ta buga wasanta na ƙarshe a tsohon filin ranar 28 ga Mayu, 2023, inda ta ci Mallorca 3-0, sannan ta koma zaman haya a filin Olamfik da ke kan tudun Montjuïc, bisa alkawarin cewa za a dawo gida a watan Nuwamba na 2024, daidai lokacin bikin cikarta shekara 125 da kafuwa. Nuwamban ya zo ya wuce. Aka ce to, sai wasan share fagen kaka na kofin Joan Gamper na Agustan 2025, shi ma aka ƙare da buga shi a ƙaramin filin Johan Cruyff mai ɗaukar mutum 6,000, har ta kai ga an karɓi baƙuncin Valencia da Getafe a gasar La Liga a wannan ɗan filin. Ba a koma Camp Nou ba sai ranar 22 ga Nuwamba, 2025, bayan sama da kwana 900, kuma 'yan kallo kimanin 45,000 kawai aka amince su shiga filin da aka tsara zai ɗauki 105,000.

Abin da nake ja muku kunne a kansa shi ne, da yawanku kun karkata fushinku inda bai dace ba. Lokacin da majalisar birnin Barcelona ta ƙi ba da izinin buɗe filin a watan Satumban 2025, saboda jami'anta da masu kashe gobara ba su gamsu da hanyoyin fitar da jama'a idan wani abu ya faru ba, sai wasu suka yi ta cewa maƙarƙashiya ce, wai ana yi wa ƙungiyar baƙin ciki. Wannan magana ce ta wanda bai san abin da gaggawa ta taɓa jawowa a filayen ƙwallo ba. A watan Mayun 1992, a filin Furiani na ƙungiyar Bastia da ke tsibirin Kosika na Faransa, an kafa wurin zama na wucin gadi cikin 'yan kwanaki domin a ƙara yawan masu sayen tikitin wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasar da Marseille, sai ya rufta tun ba a take leda ba, mutum 18 suka mutu, sama da 2,000 suka jikkata. Ga kuma abin da ya faru a maƙwabciyarmu Kamaru a watan Janairun 2022, inda mutum 8 suka rasu a turmutsitsi a ƙofar filin Olembe na Yawunde, ranar wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka. Faɗin ƙofa da yawan matakala da ƙararrawar gobara ba su da armashi a wurin ɗan kallo, amma su ne ke raba tsakanin komawa gida lafiya da zaman makoki. Jami'in da ya ƙi sa hannu a takarda har sai an gyara hanyar fita, rayukan magoya baya yake karewa, kuma bai cancanci zagi daga kowa ba.

Idan akwai wanda ya kamata a tuhuma, to shugabannin ƙungiyar ne, ƙarƙashin Joan Laporta, waɗanda suka riƙa sanar da ranakun da ba su da ikon cikawa. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. An ciyo bashin Yuro biliyan 1.45 domin wannan aiki ta hannun bankunan Goldman Sachs da JP Morgan, an ba kamfanin Limak na Turkiyya kwangilar, kuma kowane wasa da aka buga a Montjuïc, wanda kujerunsa ba su wuce 55,000 da ɗoriya ba, ragin kuɗin shiga ne ga ƙungiyar da dama take fama da ƙa'idojin kashe kuɗi na La Liga. Saboda haka suna da buƙatar su nuna wa masu ba da bashi da masu talla cewa komawa ta kusa. Wannan bai wanke su ba, domin alkawari kaya ne, kuma wanda ya saɓa shi sau da dama ya jawo wa kansa rashin yarda. Sai dai ku sani Barcelona mallakin mambobinta ce, su suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ciwo bashin a watan Disamban 2021, su ne kuma ke zaɓen shugaba, don haka akwai waɗanda ke da hurumin yi masa hisabi da ƙuri'a. Ku naku shi ne suka mai hujja, ba ashar da la'antar iyayen mutane ba.

A nan ne nake ganin an fi wuce gona da iri. Mutumin da ya saba zuwa fili shekara da shekaru daga unguwar Les Corts inda Camp Nou yake, wanda aka tilasta masa hawa tudu da dare a lokacin sanyi ko ya haƙura da kujerarsa, da mai shagon abinci da ke gefen filin wanda cinikinsa ya karye, su ne jinkirin ya taɓa kai tsaye. Mu da muke kallo ta talabijin, wasan da aka buga a Montjuïc da wanda aka buga a Camp Nou duk a allo ɗaya suke zuwa mana, kuma a zaman hayar ne ma ƙungiyar ta lashe La Liga a kakar 2024/25 ƙarƙashin Hansi Flick. To, me ya kawo gaba tsakanin abokai saboda wani ɗan Madrid ya kira ku 'yan haya? Zolaya gishirin ƙwallo ce, kuma kuna da amsa mai sauƙi, tunda su ma sun shafe fiye da kaka guda suna wasa a ƙaramin filin Alfredo Di Stéfano lokacin da ake gyaran babban filinsu na Bernabéu. Haka nan ku daina yaɗa duk hoton da kuka gani a Facebook ko WhatsApp da sunan an kammala aiki ko gini ya tsage, alhali ba ku bincika ba, domin yaɗa ƙarya laifi ne ko da a kan ƙwallo ne.

Jinkiri a babban gini irin wannan ba kanku farau ba. Tottenham ta yi niyyar buɗe sabon filinta na Landan a watan Satumban 2018, matsalar na'urorin kariya ta riƙe ta a Wembley har zuwa 3 ga Afrilu, 2019. Valencia kuwa ta fara gina Nou Mestalla a 2007, kuɗi suka ƙare a 2009, ginin ya tsaya cik har sai a Janairun 2025 aka ci gaba.

Ranar da aka koma Camp Nou, hawa na uku na kujerun 'yan kallo da rufin filin ba su kammalu ba, don haka za ku ci gaba da jin sababbin ranaku. Duk sanda aka ambaci wata rana, ku fara duba ko majalisar birnin ta ba da izinin wannan mataki, ko kuwa fatan shugabannin ƙungiya ne kawai, kafin ku ɗauke ta ku kai majalisa kuna cika baki a gaban 'yan Madrid.